Tauraron da Na Ƙwace a Aji

A bara, cikin sanyin Janairu, ina tsakiyar darasin lissafi a ajin CM1 sai na lura da wata yarinya a layin baya, hannuwanta a ƙarƙashin tebur, bakinta yana motsi. Na ɗauka gyaɗa take ci. Da na isa kanta sai na tarar da ƙarfen kwarashi da ɗan dunƙulen zaren ulu. Na ƙwace, na yi mata irin faɗan da kowane malami ya haddace, na jefa abin cikin aljihun teburina. Wannan yarinya kuwa ita ce wadda jadawalin sau ya gagara tun tana CE2. In ka ce mata bakwai sau takwas, sai ta ɗaga kai ta dubi rufi kamar a can aka rubuta amsar.

Bayan an tashi na fiddo abin don in mayar mata. Ɗan ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannuna ba da yawa, a tsakiyarsa akwai tauraro mai tsini takwas. Tauraron ya taso sama da sauran saƙar, har in ka rufe ido kana iya bin sa da yatsa. Na tambaye ta abin da take ƙirgawa da baki. Ta ce, "Mushe, in ban ƙirga ba lanƙwashewa yake yi." Na ce ta nuna mini. Ta ce zagayen farko dogon ƙulli 12 ne, na biyu 24, na uku 36, na huɗu 48. In ta rage, saƙar ta dunƙule ta zama hula. In ta yi ƙari, baki ya yi tattara kamar ganyen salak. A kan 48 ɗin ne take raba ƙafafun tauraro, kowace ƙafa shida, don takwas sau shida ke cika shi. Sannan ta raba 48 ɗin gida huɗu don ta fitar da kusurwoyi, kowane gefe 12. Duk wannan ta faɗe shi a tsaye, ba alli ba allo, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Na daɗe zaune bayan ta fita. Shekara biyu muna rubuta wa yarinyar nan cewa ba ta da ƙoƙari a lissafi, alhali jadawalin 12, wanda ba ma tambayarsa a ajinsu, yana kan yatsunta.

Wannan ne ya sa nake rubuta muku, ƴan uwana malamai da iyaye, a kan wata awa da muka yi wa riƙon sakainar kashi. A tsarin karatun firamare na Nijar akwai darasin da ake kira APP, wato ayyukan hannu da na samar da abin amfani. Duk wanda ya ratsa makarantar horon malamai ya karanta manufarsa, ya rubuta ta a jarrabawa, ya ci. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, me muke yi da awar? Shara, ɗebo ruwa, tsintar leda a fili. In jarrabawa ta matso sai mu haɗiye ta, mu ƙara shifta da lissafin allo. Ni kaina na yi haka shekara da shekaru, ba wani nake nuna wa yatsa ba. Ra'ayina shi ne a mayar wa yara wannan awa, a koya musu sana'a ta gaske a cikinta, kuma a koyar da ita a matsayin lissafi.

Na zaɓi kwarashi don na gwada shi na ga abin da ke ciki. Sunan ma daga Faransanci muka aro shi, ma'anarsa ƴar ƙugiya. Kayan aikinsa ƙarfe ɗaya ne da zare. Ba lantarki, ba keken ɗinki, ba wuƙar da yaro zai yanke. Ƙulle-ƙullensa kaɗan ne, kuma bambancinsu na tsawo ne: akwai sarƙa, akwai gajere, akwai matsakaici, akwai dogo, akwai wanda ya fi shi tsawo. Da wannan bambancin ake mayar da da'ira murabba'i: a tsakiyar gefe ka sa gajeru, kana matsowa kusurwa kana ƙara tsawo, a kusurwar ka tara dogaye a rami ɗaya. Tudun da ke sa tauraro ya taso kuwa, ana samunsa ne in aka zagaya ƙugiyar ta gaban jikin ƙullin da ke zagayen ƙasa, maimakon a soka ta a kansa. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya san dalilin da ya sa daga tsakiya zuwa kusurwa ya fi daga tsakiya zuwa gefe nisa. Mu kuwa sai mu zana a allo mu ce su kwafa.

Wani abu ya faru da ya ƙara tabbatar mini. Da muka fara a aji, wani yaro ya dage shi tauraro mai tsini biyar yake so, irin na tutar Burkina Faso. Na bar shi. Ya raba 48 gida biyar, uku suka yi saura. Ya warware, ya sake, suka sake yin saura. Kwana biyu yana fama, sai ya zo ya ce mini sai dai a kai zagaye na biyar, inda ake da 60, don 60 ne ke rabuwa biyar ya kuma rabu huɗu. Daga nan ajin suka gano 20 da 40 ma suna yi. Abin da yaron nan ya tono shi ne lambar da lambobi biyu ke haɗuwa a kanta, darasin da in ya zo a littafi yara da yawa ke haddacewa ba su san amfaninsa ba. Zaren ne ya gaya masa ya yi kuskure, ba jan birona ba, kuma na lura yaro ba ya jin kunyar kuskuren da zare ya nuna masa. Warwarewa kawai yake yi ya koma.

Kada a ce wannan lissafin ƙauye ne. A 1997 wata malamar lissafi ƴar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, da ke koyarwa a jami'ar Cornell ta Amurka, ta ɗauki kwarashi ta saƙa wani nau'in shimfiɗa mai lanƙwasa da masana suka daɗe suna bayaninsa a takarda amma suna shan wuyar ƙera shi a riƙe a hannu. Dabararta ita ce ƙara ƙulli a kai a kai bisa ƙa'ida ɗaya, har bakin saƙar ya yi tattara. Wato abin da ɗalibata ta kira kuskuren ganyen salak, shi ne ɗaliban jami'a ke juyawa a hannu suna nazari. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Kakarmu da ke ɗinka faifai da kaba tana farawa daga cibiya tana faɗaɗawa, ta san in ta matse zai zama kwando. Mai ɗinkin aska takwas a babbar riga yana aiki da awo da daidaito. Ɗan da aka aika kasuwa a Gaya yana jin "dala ashirin" ya san sefa 100 ake nufi, ya ninka da biyar a ka ba tare da ya san ya yi ba. Mun bar duk wannan a ƙofar makaranta, muka shiga da yaro kamar kansa fanko ne.

To, akwai masu ja, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba.

Wani uba ya same ni har gida. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ni lakwal na kawo ɗana, da saƙa nake so da na bar shi wurin uwarsa." Na ce, "Alhaji, ka yi gaskiya, kuma in ka ga awar saƙa ta ci awar karatu, ka zo ka kama ni." Na kira yaron na sa ya lissafa wa mahaifinsa ƙyalle nawa ake buƙata don bargon jariri mai santimita 90 kowane gefe, in kowane ƙyalle 15 ne. Ya ce shida sau shida, 36. Alhaji bai ce ya yarda ba, amma bai hana ba. Da ya taɓo batun cewa aikin mata ne, na tuna masa cewa a ƙasar Hausa maza ne ke zama a masaƙa, maza ne ke ɗinkin riga, kuma ba wanda ya taɓa raina su.

Wannan batu na maza da mata shi ne inda na fi jin tsoro, amma ta wata fuskar. In aka ce ƴan mata su ɗauki kwarashi, maza su tafi lambu ko su zauna su yi bita, to mun gina katangar da muke cewa muna rushewa. Yarinya za ta fahimci cewa an riga an yanke mata inda za ta tsaya, kuma wasu iyayen za su ce ai ta samu sana'a, sai a cire ta a yi mata aure. Gwamnati ta fitar da doka a 2017 don kare karatun ƴa mace, amma doka ba ta shiga aji ta raba wa yara aiki, mu ne ke rabawa. Saboda haka a ajina kowa yana saƙa, kowa yana ban ruwa a lambu. In makaranta ba za ta iya yin haka ba, gara ta bar abin gaba ɗaya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi gaskiya. Zaren ulu ba a Gaya ake yin sa ba. Mu mutanen bakin iyaka ne, abin da muke saye yana biyo hanyar Kwatano ya ƙetaro daga Malanbil, ko ya shigo ta Kamba daga Najeriya. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, mun kuma ga wanda ya fi shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka toshe gada, mutane da kaya suka koma kwalekwale, komai ya yi tsada. Ba zan iya duban uwar da ke auna masara da tiya in ce ta sayo zare ba. Amma Gaya gari ne na gwanjo, dilolin tufafi sun daɗe suna sauka a nan kafin su wuce Najeriya. A ƙasan kowane dila akwai rigunan sanyi da suka yage ko suka ɓule, waɗanda ba mai saye. Irin wanda aka saƙa gaba da baya da hannuwa daban-daban aka haɗa, in ka tsinke ɗinkin ka kama bakin zaren, warwarewa yake yi tun daga wuya har ƙasa. A wanke, a shanya, a naɗe. Riguna uku da wani ɗan kasuwa ya ba mu kyauta sun ishi ajina zango guda. Ƙugiya kuwa, wani mai gyaran keke ya lanƙwasa mana daga tsoffin wayoyin ƙafar keke, ya goge bakinsu. Ba su kai na kanti santsi ba, amma suna aiki.

Akwai kuma wanda ya ce mini cikin raha, wa ke neman bargo a Gaya, garin da zafi ke korar mutum daga ɗaki? Na ce ya zo bakin kogi da asuba a watan Disamba. Ban da haka, ba a yin suna a garin nan ba a ga hular jariri da safa na kwarashi cikin kayan barka ba.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da nake yi wa abokan aikina. Da zarar abu ya fara kyau, wani zai ce a sayar a zuba a asusun makaranta. Daga nan sai a fara zaɓen yara biyar masu saurin hannu a ɗora musu aiki, sauran su koma shara. Na taɓa ganin lambun makaranta da ya koma gonar malami ta wannan hanya, yara na ban ruwa, wani na kwasar tumatir. In an sayar da abin da yara suka yi, a yi shi gaban ƙungiyar iyaye, a rubuta a allo, yaran su yi lissafin da kansu, kuɗin ya koma zare. Kuma ƙyallen yaron da ya karkace shi ma a haɗa shi cikin bargon. Dalilin da ya sa na fi son saƙar ƙyalle-ƙyalle ke nan a kan hula ko jaka: kowa yana yin nasa, amma sai awonsu ya zo ɗaya kafin su haɗu, don haka mai sauri dole ya koma ya taimaki na baya.

Wata matsalar ita ce mu malamai yawancinmu ba mu iya ba. Ni ma ban iya ba. Ɗalibata ce ta koya mini, ita kuma kakarta ce ta koya mata. Na je na gaishe da tsohuwar, na ce, "Inna, so nake ki zo ki koya wa jikokinki a makaranta." Ta yi dariya ta ce ita da ba ta taɓa riƙe alli ba me za ta yi a lakwal. Ta zo. Ranar ce na ga yara sittin sun yi tsit ba tare da na ɗaga murya ba. Tana bayani da Hausa, tana juyawa Dandanci ga waɗanda suka fi jin sa, ni kuma ina rubuta lambobin da take faɗi a allo. A kowace unguwa akwai irinta, kuma ba ta neman komai sai a girmama ta a kira ta da sunan mai koyarwa.

Bargonmu na farko ya kammala a watan Mayu, ƙyalle 36, launi ba iyaka tunda abin da gwanjo ya bayar ne. Taurari biyu masu tsini biyar ne, sun ɗan karkace. Yara suka yi shawara aka kai wa matar mai gadin makaranta da ta haihu. Yarinyar da na ƙwace wa kwarashi tana CM2 yanzu. Har yau bakwai sau takwas yana ɗan tsayar da ita, sai in ga yatsunta suna motsi a kan tebur kafin ta ce 56.