Kama dodo ba wuya, kiwonsa ne aiki: magana kan Pokémon a fadojinmu

Yau maganar wasa muka zo da ita, amma wasan da ke cin lokacin ƙannenmu da ƴaƴanmu, yana cin cajin salula, yana cin kuɗin forfe. Abin da ke cin waɗannan uku kuwa ya isa a zauna a yi maganarsa.

A fadarmu, tun da aka shiga bakansi, shayi kan huce a kofi saboda samari sun duƙufa kan wani tsohon wasa da suka saukar a salula, wato Pokémon. Mun zauna gefensu muna kallo, har wasunmu suka karɓa suka gwada. Abin da muka lura da shi ya ba mu mamaki: waɗanda suka fi kowa cika baki da manyan dodanni, su ne suka fi kowa shan kaye. Wani ƙanenmu da bai wuce shekara 12 ba, da ƴan halittunsa da ake yi wa dariya, shi ne ya fara kai ƙarshen wasan. Shi ya sa muke ganin wannan wasa na kiwo ne kafin ya zama na farauta, kuma wanda bai gane haka ba ɓata cajinsa kawai yake yi.

Ga wanda bai san shi ba, wasan ya fito a Japan a 1996, kamfanin Game Freak ya ƙera shi, Nintendo ya fitar da shi a kan ƙaramar na'urar Game Boy. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, yana yaro sha'awarsa ita ce kama ƙwari a daji, daga nan tunanin ya samo asali. Na farko yana da halittu 151, yau sun haura 1000. Kana yawo a daji, ka gamu da halitta, ka jefa mata ƙwallon kamu, ta zama taka. Sai dai komai yawan abin da ka kama, shida kaɗai za ka riƙe a jikinka, kuma kowace bugu huɗu kaɗai take iya riƙewa. Duk lissafin wasan cikin wannan ƙuncin yake: wa za ka ɗauka, wa za ka bari a ajiya.

Kamun ma yana da ƙa'ida, kuma nan masu gaggawa ke fara faɗuwa. In ka jefa ƙwallo kan halittar da jininta ke cike, yawanci sai ta fasa ta fito. In ka buge ta da ƙarfi har ta suma, shi ke nan, ba ta kamuwa. Dole ka rage mata jini har ya kusa ƙarewa, ka tsaya. In ka sa ta barci, kamun ya ƙara sauƙi. Wannan ne ya sa mai wayo yake ajiye halitta ɗaya don aikin kamu kaɗai. Tun a dajin farko akwai wata ƴar tsutsa, Chenipan, wadda samari ke wucewa ba su ko kallo. A mataki na 10 ta zama malam-buɗe-littafi, Papilusion, daga baya ta koyi watsa garin da ke sa abokin gaba barci. Ƙanen nan namu da ita ya kama rabin garkensa. Su kuwa manyan, ƙwallon nan guda ɗaya tak da ba ya kuskure, Master Ball, sun jefa shi kan abin da ƙwallon kasuwa zai iya kamawa, don zumuɗi.

Babban kuskuren dai shi ne dogaro da dodo guda. Saurayi zai zaɓi Salamèche, ɗan ƙadangaren wuta, ya yi ta faɗa da shi shi kaɗai har ya zama Dracaufeu a mataki na 36, sauran biyar ɗin suna zaune kamar ƴan rakiya. To amma kowace halitta tana da jinsi, 15 a wasan farko, 18 a yau, kuma kowane jinsi akwai wanda ya fi ƙarfinsa. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa. Bugun da ya dace yana ninka ɓarna sau biyu, wanda bai dace ba ya raba ta biyu. Wani lokaci ninkin yakan kai huɗu: Dracaufeu wuta ne kuma mai tashi, don haka jifan dutse yana yi masa illa sau huɗu. Wani lokacin kuma sifili ne. Pikachu, tauraron da kowa ya sani a talabijin, in ya saki lantarki kan Onix, macijin dutsen da Pierre mai gidan faɗa na farko yake riƙe da shi, ko gezau, domin lantarki ba ya taɓa jinsin ƙasa. Ɗan ruwa ko ɗan ciyawa da aka raina kuwa, bugu ɗaya ko biyu ya kwantar da shi.

Mai dodo guda yakan lallaɓa har ya kai ƙarshe, a nan ne asirinsa ke tonuwa. Sai ka kara da gwanaye huɗu a jere, sannan zakara na biyar, babu komawa asibiti a tsakani. Ta farko, Olga, huɗu cikin halittunta biyar na ruwa ne, ga ka da wuta. Kuma bugu ma ƙarewa yake: mafi ƙarfin bugun wuta a wasan sau 5 kaɗai ake sakinsa. In jagoran ya faɗi, sai ka juya ka ga ƴan rakiyar nan da ba ka taɓa ciyarwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu nan ba baƙon darasi ba ne. Makiyayin da ya san aikinsa ba ya tara shanu zalla. Yana haɗawa da awaki da tumaki, wani har da raƙumi, don shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci akuya takan miƙe ta ci ganye ta rayu, kuma ita ake kaiwa kasuwa in buƙata ta taso. Kowace dabba da ranarta. Haka shidan nan: ɗaya mai jure duka, ɗaya mai sauri, ɗaya mai sa barci, sauran su rufe wa juna rauni. Kafin ka kama sabuwa ka tambayi kanka wace ɓaraka za ta toshe, in ba ta toshe komai ba ajiya ce wurinta komai kyanta.

Sai haƙuri. Akwai wani kifi, Magicarpe, da wani mutum ke sayarwa 500 na kuɗin wasan a kan hanya. Abin da ya iya kawai shi ne fantsama, ba ya yi wa kowa komai. Dabarar ita ce ka sa shi gaba a farkon faɗa, ka janye shi nan take ka sako mai ƙarfi, sai a raba ladan faɗan tsakaninsu. Aiki ne mai gundura, ba mu musu. Amma a mataki na 20 kifin nan yana rikiɗa ya zama Léviator, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da za ka samu da wuri. Shi ma kada ka sake shi gaban lantarki, sau huɗu yake jin sa.

Wanda yake ganin wannan hirar fada ce kawai, ya duba gasar duniya ta 2014 da aka yi a Washington ta Amurka. Se Jun Park, ɗan Koriya ta Kudu, ya ci kofin da wani ɗan kurege mai suna Pachirisu cikin tawagarsa, halittar da ba a lissafa ta cikin masu ƙarfi. A gasar biyu-biyu ake fitowa fage. Aikin kuregen shi ne ya jawo bugun abokan gaba kansa, abokin tafiyarsa ya samu sarari ya yi ɓarna. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi damunmu. Wasu samarin sun daina kamu, sun daina kiwo. Suna ƙona forfe suna neman lambobin maguɗi da za su ba su kowane dodo a mataki na 100 tun ranar farko. Kwana biyu sun gaji sun goge wasan, don babu abin da ya rage a yi tunani a kai. Masu wasan da kansu sun hango irin wannan son banza: in aboki ya ba ka halittar da ta girmi matsayinka, alhali ba ka ci lambobin gidajen faɗa ba, sai ta ƙi jin maganarka, ka ce ta buga ta juya kai ko ta kwanta barci. Ƙarfin da ba kai ka raina ba ba ya yi maka biyayya. Ko a wasa haka ne.

Mun san abin da iyaye za su ce: duk wannan surutu kan zane a salula, yaro bai yi aike ba, bai buɗe littafi ba. Gaskiyarku ne, kuma ba mu goyon bayan yaron da aka kira salla yana cewa a jira ya gama faɗa, ko wanda ya kai tsakar dare ido a gilashi. A sa masa lokaci, in ya cika a karɓi salular. Abin da muke roƙo shi ne kada a haɗa duk wasanni a kwando ɗaya. Dattawanmu da ke zama gindin bedi suna dara, ba wanda ke ce musu ɓata lokaci suke, don kowa ya san ana auna tafiya uku gaba kafin a ɗaga ɗa. Yaron da ke lissafin ninki biyu da ninki huɗu, yana tanadin bugu don faɗan da ke gaba, irin wannan auna tafiyar yake yi.

Baba, inna, yaya, ga gwaji mai sauƙi. In kun ga yaro da wasan nan, ku ce ya nuna muku shidansa, ku tambaye shi dalilin ɗaukar kowace. In ya iya faɗa muku aikin kowace da rauninta, ku bar masa sa'arsa guda, yana amfani da kansa. In kuwa amsarsa ita ce wannan ya fi kowa ƙarfi, ku aike shi ya ba awaki dusa, can ma zai koyi abin da wasan ke son koya masa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su yi amfani da lokacinsu.