Sharhi: Dajin da aka kare tun kafin a ga abin da ke cikinsa

A watan Oktoban 2017, wani mai gadin daji a tsaunukan Cuchumatanes na ƙasar Gwatemala, Ramos León-Tomás, ya ɗauki hoton wata 'yar halitta mai launin zinare da baƙin layi a gadon baya. Masana sun tabbatar salamandar Jackson ce, wadda rabon da a gan ta tun 1975, lokacin da Jeremy Jackson da Paul Elias suka fara gano ta. Shekara 42 ke nan.

Salamanda ta yi kama da ƙadangare, amma 'yar'uwar kwaɗo ce. Wannan nau'in ba shi da huhu, ta fata yake numfashi, don haka dole jikinsa ya kasance cikin danshi. Yana rayuwa ne a dajin kan tsauni inda hazo ba ya yankewa. Da zarar an sare bishiyoyi rana ta shigo, ƙasa ta bushe, to ƙarshensa ya zo.

Abin lura a labarin shi ne yadda abubuwa suka biyo juna. A 2015 ƙungiyar FUNDAECO ta Gwatemala da abokan hulɗarta suka kafa gandun Finca San Isidro, shekara biyu kafin a sake ganin wannan halitta. Masanin Jami'ar San Carlos, Carlos Vásquez Almazán, ya nuna wa masu gadi kamanninta da inda za su duba. Da an tsaya jiran hujja kafin a killace wurin, mai yiwuwa da gonaki sun riga masana isa.

Akwai masu cewa bai dace a hana talaka noman kofi ko saran itace saboda wata ƙaramar dabba ba. Maganarsu tana da nauyi, domin mazauna yankin na fama da talauci. Sai dai dajin da ke riƙe danshin salamanda shi ne ke riƙe ruwan ƙoramun da ƙauyuka ke sha, shi ne kuma ke hana zaizayar ƙasa. Kuma wanda ya gano ta ɗan yankin ne da aka ɗauka aiki.

Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi da salamanda na fuskantar barazanar ƙarewa, a cikin salamanda kuwa uku cikin biyar ne. Rigakafi ya fi magani. Ya kamata gwamnatin Gwatemala da masu ba da tallafi su faɗaɗa irin wannan gandu, su biya masu gadi albashin da zai riƙe su, su kuma sama wa manoman da ke kewaye hanyar abinci da ba sai sun sare daji ba.