BA A TAƁA SILIMAR ZAPRUDER BA, ƁOYE TA ANKA YI

Wata magana tana yawo, wai silimar da anka ɗauka ranar kisan Shugaba Kennedy na Amurka ta jabu ce, wai 'yan leƙen asiri sun yanke ta sun sake ɗinkewa. Mu ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

Ran 22 ga Nuwamba 1963, a garin Dalas, wani mai sana'ar tufafin mata, Abraham Zapruder, ya hau dakali da 'yar na'urarsa ta ɗaukar silima. Abin da ya ɗauka bai kai rabin minti ba: hotuna 486 a jere, wajen 18 cikin kowane sakan. A hoto na 313 harsashi ya fasa kan shugaban. A ranar anka wanke silimar, anka fitar da kwafi 3, biyu sunka tafi hannun masu tsaron shugaba. To, yaushe masu ƙera ƙarya sunka sami sarari? Ai sai sun bi kwafin ɗai ɗai, sa'an nan su bi silimar Orville Nix da ta Marie Muchmore, waɗanda sunka ɗauka daga ƙetaren titi, su daidaita duka. A 1998 Roland Zavada, tsohon gwanin kamfanin Kodak, ya bincika, ya ce ita ce ta asali.

Ba mu ce masu shakka mahaukata ba ne. Mujallar Life ta saye silimar dalar Amurka 150,000, ta kulle. A hannunta hotuna na 208 zuwa 211 sunka lalace, ko da yake suna nan cikin kwafin farko. Da kwamitin Warren ya buga littattafansa a 1964, sai ga hoto na 314 da na 315 an sauya musu wuri, Hoover, shugaban FBI, ya ce wai kuskuren ɗab'i ne. Talakan Amurka bai ga silimar tana motsi a talabijin ta ƙasa ba sai watan Maris 1975. Shekara 11 da 'yan watanni! An kashe shugaban da ya zaɓa da rana tsaka, an hana shi gani. Laifin ke nan, kuma ya isa.

Wanda ya ce jabu ce, makaminsa ya jefa a rijiya. Wannan silima ita ce agogon kisan. Bindigar da anka ce ta Oswald ce ba ta harbi biyu a ƙasa da sakan 2.3, bisa gwajin FBI, silima kuwa ta nuna Kennedy da Gwamna Connally sun ji rauni kusan tare. Ƙuncin lokacin nan na cikin abin da ya kai kwamitin ga cewa harsashi guda ya ratsa mutum biyu. In babu silimar, da me za a tuhume su?

Mu 'yan Afirka mun san kisan da ba na'ura a wurin. An harbe Lumumba a Katanga daren 17 ga Janairu 1961. Sai ran 13 ga Fabrairu minista Munongo ya fito ya ce wai ya tsere, mutanen ƙauye sunka kashe shi. Da wani tela ya tsaya a dajin nan da na'ura ko da rabin minti, da Beljiyam ba ta kai 2002 ba kafin ta nemi gafara.