Kare Na Maigida, Wahala Ta Gardi

Ya kai ɗan uwa mai karatu, ga wata magana da ta shafi duk mai fita cin rani. In an gama ɗaurin hatsi an rufe rumbuna, samari da magidanta suna barin ƙauye. Wasu su nufi Yamai, wasu Maraɗi, wasu Damagaram ko Tawa. Da yawa cikinsu aikin gadi suke samu, ko aikin boyi, a gidajen manyan ma'aikata da ƴan kasuwa da baƙi. Aikin halal ne, ba mai raina shi. Amma akwai wata cuta da ake yi musu, ƙarama a ido, mai nauyi a wuya. A ɗauki mutum aiki guda, sannan a liƙa masa kiwon dabbar maigida kyauta.

Ga yadda abin yake farawa. An ɗauke ka tsaron ƙofa, an yanka maka kuɗin wata. Ran nan maigida zai fita, sai ya ce: "Malam, don Allah zuba wa karen nan ruwa." Ka zuba. Gobe a ce ka dafa masa abinci. Jibi a ce ka kwashe kashinsa. Kafin wata ya cika, kai ne mai yi masa wanka, kai ne mai cire masa kaska, kai ne mai jan sa yawo da marece. In lokacin hutu ya zo, maigida ya kwashe iyalinsa su tafi, a bar ka da kare da aku da kyanwa. Ranar hutunka ta tafi ke nan, don dabba ba ta san Lahadi ba. Ƙarshen wata kuwa, kuɗinka suna nan yadda aka yanka su, ko dala ba ta ƙaru ba. A dā an ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardin birni ba shi da wannan sa'a. Shi ne da shan wuya, kare da cin nama.

Wannan ba daidai ba ne, kuma kai ka fi kowa sani. Dubi ƙauyenku. Makiyayin da ke kora awakin gari daji, kyauta yake yi? Kowace mai akuya ta san abin da take ba shi. In ka ba maƙwabci kiwon tunkiya, kuna yin magana a kan ƴaƴanta tun kafin ta haihu. Fulani suna da habbanaye: a ba mutum karsana, ta haihu a hannunsa, ƴan maruƙa su zama nasa, sannan uwar ta koma wurin mai ita. Ko a fada, dawakin sarki suna da shamaki da barori nasu na musamman. Kakanninmu sun san kiwo aiki ne, sun kuma yanka masa lada. To, don me zai zama kyauta da zarar an shiga gida mai ƙofar ƙarfe?

Maigida zai ce: "Ai abin kaɗan ne." In kaɗan ne, me ya hana shi yi da hannunsa? Me ya hana ya sa ɗansa, wanda ya yi kuka aka sayo masa karen? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya kawo dabba gidansa ya san tana ci, tana sha, tana kashi, tana ciwo.

Zai kuma ce: "Ai kai ɗan gida ne, mun zama ɗaya." Magana mai daɗi. Amma ka lura, ranar aiki ake tuna kai ɗan gida ne. Ranar da karen ya ɓace, ko ya ci guba a bola ya mutu, ranar za ka san matsayinka. Sai a ce sakacinka ne, za a cire kuɗinsa cikin albashinka. Aikin da ba a biya ka ba, ga shi ana neman ka biya asararsa.

Kada ka ce ina zuga ka ka ƙi dabba. Kare ba shi da laifi. Addini ya yarda a ajiye shi don tsaro da farauta da kiwo, ya kuma hore mu da tausayin duk mai rai. In ka ga dabba tana haki don ƙishirwa, ba ta ruwa ko ta wace ce, ladanka yana wurin Allah. Amma taimakon rana ɗaya daban, aikin kullum daban. Addinin da ya ce a tausaya wa dabba, shi ne ya ce a biya ɗan ƙwadago haƙƙinsa ba da jinkiri ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi, wato ranka. Ciwon haukan kare yana nan ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga kare suka same shi. Yana shiga ta cizo, ko ta yawun kare in ya taɓa rauni. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Amma ana iya tare shi. Tun shekarar 1885 wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa mutum allurar rigakafinsa. Saboda haka, kafin ka taɓa karen wani, ka tambaya ko an yi masa allura, a nuna maka takardar likitan dabbobi. In ya cije ka ko ya yage ka, wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan ka tafi gidan likita a ranar nan. Kada ka tsaya shafa toka ko gashin kare. Kuɗin allurarka kuwa, a wuyan mai kare ya kamata su hau, don cikin aikinsa ka ji ciwo.

Doka ma ba ta manta da kai ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere kowane mako. Daga watan Janairu na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30.047 zuwa sefa 42.000, wato jika 42 a wata. A manyan biranen jihohi akwai sufeton ƙwadago, wanda aikinsa ne sauraren ƙara tsakanin ma'aikaci da maigidansa. Mutane da yawa suna aiki shekaru ba su taɓa jin wannan ba, kuma akwai masu gida da suke son kada su ji.

Na san abin da ke ranka. Kana cewa: "In na yi magana za a kore ni, ga mutum goma a bakin ƙofa suna jiran wurina." Gaskiya ne aiki yana da wuyar samu. Shi ya sa ba faɗa za ka yi ba, kuma ba ranar da ranka ya ɓaci za ka yi maganar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da ake yanka kuɗi, ranar ake faɗin aiki. Ka rusuna ka ce: "Ranka ya daɗe, na ga akwai kare. Kiwonsa yana cikin aikina ko ba ya ciki?" In ya ce yana ciki, ka ce: "To, Alhaji, sai a duba mini, don aiki biyu ne." In kuwa ba ka so, ka faɗa da ladabi: "Ka yi mini gafara, maigida, tsaro na iya, kiwon kare ban iya ba." Mai gida na kirki ba ya korar mutum don wannan. Wanda zai kore ka don ka tambaya, da ma wata rana zai kore ka don wani abu.

In kun shirya, abu huɗu za ku daidaita. Nawa ne ƙarin kuɗin. Wa zai riƙe dabbar ranar hutunka. Wa zai bar kuɗin abincinta da na magani in maigida ya yi tafiya, kada ka ciyar da ita daga aljihunka. Sannan a yarda cewa in ta ɓace ko ta mutu ba da gangancinka ba, ba ka biya. Yanzu ka yi yaƙi da jahilci, ka iya riƙe alƙalami. Rubuta abubuwan nan a takarda, da kwanan wata, ku sa hannu gaban wanda ya kai ka gidan. Ga ranar karatun da ka sha wuya a kansa.

Ku kuma masu gida, in jaridar nan ta faɗo hannunku, ku yi lissafi. Akwai gidan da naman kare na wata ya fi kuɗin gardi. Mutumin nan ya baro mata da ƴaƴa, yana tara kuɗin iri da na hatsin bazara. Ba ya musu ne don kunya da tsoron rasa abinci, ba don ya yarda ba. Kun iya ciyar da dabba, kun iya biyan mai kula da ita. In ba ku iya ba, ku ɗauki kwano ku ba ta da kanku.

Ɗan uwa, karanta wa abokan tafiyarka wannan tun kafin ku hau mota. In kowane gardi ya yi tambayar nan a ranar farko, masu gida za su saba da jin ta, su saba da amsa ta. Allah ya ba da sa'ar rani, ya maido ku gida lafiya kafin ruwan shuka.