Ƙarfin Doki Kaɗai Ba Ya Noma: Wace Irin Giya Ta Dace Da Taraktar Kaftu Da Jigila?

Gabatarwa

Duk lokacin da wata ƙungiyar manoma ko ma'aikatar gona ta tashi sayen tarakta, tambayar farko da akan yi ita ce: ƙarfin doki nawa gare ta? Ta biyu kuwa: nawa ne kuɗinta? Da wuya a ji wanda ya tambayi irin giyar da ke cikinta. Alhali kuwa duk ƙarfin da inji ya samar, sai ya ratsa ta akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos, kafin ya isa ga taya. Idan aka yi kuskure a nan, sai a wayi gari da tarakta mai shan mai kamar rairayi, ko kuma wadda za ta kwanta a tsakiyar damina a rasa mai tayar da ita. Kwana goma da manomi zai yi yana jiran gyara bayan saukar ruwan shuka, asara ce da ba ta ramuwa sai wata shekarar.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wajen kaftun ƙasa mai tauri da jan kaya masu nauyi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, giya mai haƙora ita ce ta fi dacewa, musamman wadda ake iya canza ta tarakta na tafiya. Ga dalilai.

Mene Ne Aikin Giya?

Injin tarakta yakan yi juyi kamar 2,200 a minti ɗaya. Ita kuwa tayar baya, kewayenta ya kai kimanin mita 4.5. Kaftu ana yin sa ne a gudun kilomita 5 zuwa 8 a awa. Idan tarakta na tafiyar kilomita 6 a awa, to tana cin mita 100 ke nan a minti, wato tayar na yin juyi 22 kacal. Ashe ke nan sai inji ya juya sau 100 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan ragi shi ne aikin akwatin giya tare da sauran giyoyin da ke ƙafar baya.

Ragin kuma ba asara ba ne, musaya ce. Idan giya mai haƙora 10 tana juya wata mai haƙora 40, ta biyun za ta yi kashi ɗaya cikin huɗu na gudun ta farko, amma ƙarfin murɗawarta zai ninka sau huɗu. Ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziks sun san ƙa'idar da ke cewa ƙarfin aiki daidai yake da ƙarfin ja idan aka ninka shi da gudu. A ɗauka cewa tarakta na isar da kilowat 30 ga abin da take ja. A gudun kilomita 6 a awa, ƙarfin janta zai kai niyuton 18,000, wato kamar nauyin buhu 18 na masara mai kilo 100. Idan ta hau hanya tana gudun kilomita 24 a awa, ƙarfin jan zai sauko zuwa niyuton 4,500, wato nauyin buhu huɗu da rabi. Inji ɗaya ne, giya ce ta bambanta.

Ire-iren Giya

Nau'i na farko shi ne giyar hannu ta asali. A cikinta direba kan taka kuloci, ya tsayar da tarakta cik, sannan ya tura wata giya ta shiga haƙoran wata. Irinta ce a cikin yawancin taraktocin Massey Ferguson 375 da ake gani a gonakin Arewa, masu giya 8 ta gaba da 2 ta baya. Akwai kuma ƙanwarta da aka inganta, wadda aka sanya wa wasu zobba masu daidaita gudun giyoyin biyu kafin haƙoransu su haɗu, kamar dai na motar hawa. Da wannan ana iya canji ba tare da an tsaya ba.

Nau'i na biyu shi ne wanda ake canza giya ba tare da an taka kuloci ko an yanke ƙarfin inji ba. Haƙora ne dai ke ɗaukar nauyin, sai dai matsin mai ne ke kama wasu ƙananan kuloci a ciki yana sakin wasu. Kamfanin International Harvester ya fara da mai mataki biyu a 1954, Ford ya fito da Select-O-Speed mai giya 10 a 1959, bayan 'yan shekaru kuma John Deere ya sanya mai giya 8 a taraktarsa samfurin 4020.

Nau'i na uku shi ne giya mai aiki da matsin mai zalla. A nan inji kan juya famfo, famfon ya tura mai da matsi mai tsanani zuwa wata na'ura da ke juya tayoyi. Ƙa'idar da Blaise Pascal, masanin nan na Faransa, ya bayyana a ƙarni na 17 game da yadda matsi ke ratsa abu mai ruwa-ruwa ita ce tushenta. Ba ta da matakai. Da feda ko sanda ɗaya ake ƙara gudu ko a rage, a yi gaba ko a yi baya. International Harvester ya sanya ta a taraktar gona samfurin 656 a 1967.

Nau'i na huɗu ya haɗa biyun ne. Yakan raba ƙarfin inji gida biyu, wani ya bi ta haƙora, wani ya bi ta mai, kwamfuta kuma na daidaita rabon. Kamfanin Fendt na Jamus ya nuna irinsa mai suna Vario a 1995 a birnin Hanoba.

Abin Da Kaftu Ke Bukata

Kaftu aiki ne na ja mai nauyi, ba ƙaƙƙautawa, awa bayan awa. A irin wannan aiki abin dubawa shi ne nawa ne daga ƙarfin inji ke salwanta a hanya. Giya mai haƙora takan isar da kusan kashi 90 cikin 100. Mai aiki da matsin mai kuwa, galibi abin da take isarwa bai wuce kashi 75 zuwa 80 ba, saboda man kan sulale ta gefen sassan famfo, yana kuma gogayya da bututu.

A yi lissafi. Idan inji ya ba da kilowat 50, giya mai haƙora za ta yi asarar kamar kilowat 5, ɗayar kuwa kamar 12.5. Bambancin kilowat 7.5 ne. Injin dizal kan ƙona abin da ya kusa kashi uku cikin goma na lita kafin ya ba da kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Ke nan fiye da lita 2 na tafiya a banza kowace awa, wato sama da lita 1,000 a aikin awa 500. Har ila yau, ƙarfin da ya salwanta ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Kamar a ce an kunna dutsen guga bakwai ne na lantarki a cikin man giyar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ake gyaran gona, zafin rana a Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Mai idan ya yi zafi sai ya tsinke, idan ya tsinke sai sulalewa ta ƙaru, sassa su ci juna. Ga ƙura da ke toshe ragar sanyaya mai. Saboda haka wannan giya ba ta kaftu ba ce.

Wannan ba ya nufin ba ta da amfani. A injin girbi, da ƙaramar taraktar lambu, da aikin loda taki inda ake gaba da baya sau ɗari a wuni, babu kamarta. Kowane allazi da nasa amanu.

Abu na biyu shi ne yawan matakan giya a tsakanin gudun kilomita 4 zuwa 12 a awa, domin a nan ne aikin gona yake. Ƙasa ba iri ɗaya ba ce ko a gona guda. Garma kan fito daga jigawa ta faɗa laka, kamar yadda akan gani a fadamun Haɗeja ko a baƙar ƙasar firgi ta yankin Tafkin Chadi. Idan tazarar da ke tsakanin giya da giya ta yi faɗi, sai direba ya rasa ta tsakiya: ta sama na shaƙe inji har ya yi baƙin hayaƙi, ta ƙasa kuma na ɓata lokaci da mai. Tarakta mai giya 12 ko 16 ta fi mai 8 a nan. Idan kuma tana da ɗan maɓallin rage mataki ɗaya ba tare da taka kuloci ba, to madalla, domin taraktar da ke jan garma da zarar an taka kuloci take tsayawa nan take.

Sai dai a lura, babu giyar da za ta yi maganin taya mai santsi. Zamewar taya da ta dace a kaftu ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Idan ta wuce haka, a ƙara wa tarakta nauyi da ƙarafa ko a zuba ruwa a tayoyin baya, ko kuma a rage faɗin garma.

Abin Da Jigila Ke Bukata

Bayan girbi, tarakta kan koma jan tirela cike da buhunan hatsi, ko rake, ko yashi. A nan ne giyar hannu ta asali ke nuna rauninta. Tun da ba a canza ta a tafe, dole direba ya tayar da kaya masu nauyi da babbar giya yana jan kuloci, abin da ke ƙona shi da wuri. Idan kuma ya tarar da hawa, sai ya tsaya a tsakiyar tudu ya canza, tirela na jan sa baya. Mai zobban daidaita gudu ta rage wannan matsala, mai canji ba yankewa kuwa ta kawar da ita gaba ɗaya.

Gangara ta fi hawa haɗari. Tirelar da aka cika takan fi taraktar nauyi, birkin tarakta kuwa a tayoyin baya kawai yake a yawancin waɗanda ake da su. Abin da ke riƙe ta shi ne inji, muddin giya na haɗe da shi. Ƙa'idar ita ce a sauka da giyar da za a iya hawa da ita, kada a cire giya, kada a taka kuloci, a kuma ɗaure fedojin birki biyu wuri ɗaya kafin a hau hanya. Mai sayen tsohuwar tarakta ya kamata ya san cewa tsarin Multi-Power da Massey Ferguson ya fito da shi a farkon shekarun 1960, idan yana a ƙaramin mataki inji ba ya riƙe tarakta a gangara, sai ta yi ta mirginawa. A hanyoyi irin na tsaunukan Jos, Biu ko Mambila, sanin wannan batu ne na rai da mutuwa.

Wa Zai Gyara?

Wani zai ce: ashe nau'i na huɗu bai fi duka ba? Gaskiya ne, yana tanadin mai, yana hutar da direba, shi ya sa ya bazu a manyan gonakin Turai. Amma yana bukatar mai na musamman mai tsabtar gaske, da matatai na asali, da kwamfutar gano cuta wadda sai wakilin kamfani ke da ita. Ɗan yashi kaɗan a cikin man ya isa ya lalata famfon da kuɗinsa ya kai wani kaso mai tsoka na kuɗin taraktar. Giya mai haƙora kuwa, makanike a Funtuwa ko Gusau ko Maraɗi zai kwance ta a gindin bishiya, ya ga haƙorin da ya karye da idonsa, ya nemo wani a kasuwa. Tun zamanin da ake harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano hannun makanikan Arewa ya saba da ita.

Wani kuma zai ce wannan ra'ayi ne na ƙin ci gaba. Ko kusa. Babbar gona mai wurin gyara nata, da ƙwararrun ma'aikata, da yarjejeniyar kulawa da kamfani, tana da hujjar sayen ta zamani. Amma ci gaba ba ya nufin mallakar abin da ba a iya rayawa. Taraktocin da ke jibge a harabar ma'aikatu, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, sun isa wa'azi. Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya fitar da shawarwari kamar haka. Ga ƙungiyar manoma ko mai ba da hayar tarakta, giya mai haƙora mai zobban daidaita gudu, mai matakai 12 ko fiye, ita ce zaɓi na gari. Inda hali ya yi, kuma akwai wakilin kamfani a kusa, a ƙara da mai canji ba yankewa. A bar mai matsin mai ga lambu da lodi.

Kafin a biya kuɗi kuma, a nemi sakamakon gwaji, kada a tsaya ga bakin dillali. Jihar Nebraska ta Amurka ta kafa doka tun 1919 cewa sai an gwada samfurin tarakta kafin a sayar da shi a jihar, aka fara gwajin a 1920, rahotannin kuma kan nuna ainihin ƙarfin ja a giya daban-daban. A Nijeriya cibiyar NCAM da ke Ilori na da alhakin irin wannan gwaji. Ya dace hukumomin da ke sayen tarakta da kuɗin jama'a su riƙa rubuta irin giya da samuwar kayan gyara a cikin sharuɗɗan kwangila.

Malaman kimiyya kuwa ba sa bukatar tarakta kafin su koyar da wannan darasi. Keke mai giya ya wadatar. A kifa shi, ɗalibai su ƙirga haƙoran gaba da na baya, su juya feda sau ɗaya su ga juyi nawa taya ta yi, sannan su hau tudu da kowace giya su ji bambanci a ƙafafunsu. Ɗalibin da ya fahimci wannan a yau, shi ne injiniya ko jami'in gona da gobe zai san tambayar da ta kamata ya yi wa mai sayar da tarakta.