Idan Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Duk wanda ya san Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, ya san Kona, tsohon garin Jukunawa da ke gefenta, wanda a yau yake ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jalingo. Kona ta girmi Jalingo. A ƙarshen shekarar 1892 wani hafsan Faransa mai suna Mizon, wanda ya hauro Kogin Binuwai yana nema wa ƙasarsa kasuwa da mulki, ya ba Sarkin Muri Muhammadu Nya gudummawar igwa, aka fasa garin bayan ya daɗe yana gagara, aka kwashi mutane bayi. A 1893 aka kafa Jalingo. Wancan wawaso kowa ya ji ƙararsa, kuma babu wanda ya kira shi da wani suna in ba masifa ba. Wawason da ake yi wa talakawan wannan yanki a zamanin yau kuwa da alƙalami da takardar kwangila ake yin sa, kuma abin takaicin shi ne, waɗanda aka cuta su ne kan fito su tari wanda ya cuce su da kiɗa da guɗa.

Ga misali wanda kotu ta riga ta tabbatar. Jolly Nyame ya yi Gwamnan Taraba daga 1992 zuwa 1993, ya sake yi daga 1999 zuwa 2007. Da saukarsa Hukumar EFCC ta gurfanar da shi, shari'a ta yi ta jan ƙafa har shekara 11. Ranar 30 ga Mayu, 2018, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta Babbar Kotun Abuja ta same shi da laifi a shari'ar karkatar da Naira miliyan 1,640 na jama'ar jihar, ta ɗaure shi shekara 14. Cikin kuɗin da aka yi shari'a a kansu har da Naira miliyan 250 da aka ware da sunan sayen takardu da kayan rubutu na ofisoshi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage ɗaurin zuwa shekara 12, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a watan Fabrairu na 2020.

Ya kamata a tsaya a auna wannan kuɗi da ma'aunin talaka. A lokacin da aka yanke hukuncin, mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 18,000 ne a wata. Masinja ko lebura mai karɓar wannan albashi, ko da bai ci bai sha ba, sai ya yi aikin shekara fiye da 7,500 kafin ya tara Naira miliyan 1,640. Bugu da ƙari, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan shekarar 2019 ya nuna cewa duk wanda abin da yake kashewa bai kai Naira 137,430 a shekara ba, matalauci ne. Bisa wannan ma'auni, kashi 87.7 cikin ɗari na mutanen Taraba matalauta ne, Jihar Sakkwato kaɗai ta ɗara ta, alhali a Legas kashi 4.5 ne kawai. Watau kuɗin da aka yi wannan shari'a guda a kansu sun isa abin rayuwar mutum kusan 12,000 na shekara ɗaya cur. Manomin Kona da ke kai dawa da gyaɗa kasuwar Jalingo, da matarsa mai tallan itace, suna cikin masu wannan kuɗi.

Tambayar da ke damun duk mai hankali ita ce: me mutum ɗaya zai yi da irin wannan dukiya? Cikinsa ɗaya ne, gado ɗaya yake kwana a kai, kuma ranar tafiya ƙyalle ƙalilan ne rabonsa. Amsar ita ce, idan kwaɗayi ya kai wani matsayi, ya daina zama buƙata, ya koma maye. Alamomin ɗan ƙwaya sanannu ne. Abin da ya bugar da shi jiya ba ya isarsa yau, sai ya ƙara. Kunya takan fita daga idonsa. Yakan fara sata daga ɗakin uwarsa kafin ya kai ga na maƙwabta. Yana ganin ɓarnar da yake yi wa kansa da iyalinsa, amma ya kasa dainawa. Duk waɗannan alamomi suna tattare da mai handama da babakere, ba a rasa ko ɗaya ba.

Mazauna Ikko ba su manta da abin da aka gani a Ikoyi ba a watan Afrilu na 2017, lokacin da EFCC ta buɗe wani gida a bene ta tarar da Dalar Amurka miliyan 43 a jibge cikin akwatunan ƙarfe, ba sa ciyar da kowa, ba sa tufatar da kowa. A watan Disamba na 2024 kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya gidaje 753 a unguwar Lokogoma ta Abuja, waɗanda hukumar ta ce na wani tsohon babban jami'in gwamnati ne. Janar Sani Abacha ya rasu tun 1998, amma a 2017 ƙasar Suwizalan ta amince ta maido da Dala miliyan 321 na kuɗin da aka danganta da shi, a 2020 kuma aka sake maido da Dala miliyan 311 daga tsibirin Jasi. Wanda ke tara abin da shi da jikokinsa ba za su iya cinyewa ba, lalle ba yunwa ke korar sa ba. Wannan cuta kuwa ba ta san ƙabila ko addini ba, domin cikin masu ita akwai mai carbi, akwai mai gicciye.

To amma dubi bambancin da jama'a ke nunawa tsakanin masu maye biyu. A watan Mayun 2018, watan da aka ɗaure tsohon gwamnan, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda yake lalata samari da matan aure. Yaron da aka kama da kwalba ɗaya, danginsa kan ɓoye fuska, wani ma a kai shi gidan mari a sa masa sasari. Ɓarawon akuya a kasuwa, in bai yi sa'a ba, ba ya kai wa ga alƙali da ransa. Shi kuwa wanda mayensa ya cinye asibiti da makaranta, a watan Afrilu na 2022 Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince a yi masa afuwa bisa dalilin rashin lafiya, tare da Joshua Dariye, tsohon Gwamnan Filato. An sake su daga kurkukun Kuje a watan Agusta, kuma da ya isa Jalingo cincirindon jama'a ne suka tarye shi kamar wanda ya dawo daga yaƙi da nasara. Tsarin mulki ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa, kuma tausaya wa majiyyaci ba laifi ba ne. Amma fa afuwa ba ta ce kotu ta yi kuskure ba. Abin da ke buƙatar bayani shi ne tafin.

Masu tafin suna da hujjoji uku. Na farko sukan ce namu ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sun manta cewa dukiyar da aka ɗiba ta nasu ce, ba ta baƙi ba, kuma wanda ya kwashe rumbun gidansu ya fi ɓarawon waje cin amana. Na biyu sukan ce ai ya yi aiki, ga filin wasa, ga hanyoyi. Gwamna ba da gadon ubansa yake gina hanya ba, da kuɗin jama'a ne, kuma magini ba ya samun izinin sace buhun siminti don ya ɗora bango. Na uku sukan ce arziki na Allah ne, mai hassada ne kawai ke bincike. Gaskiya ne Allah ke bayarwa, amma malamai a masallaci da limaman coci duk sun yi ittifaƙi cewa abin da aka ƙwata daga bakin maraya ba a kiran sa baiwa.

Ba wanda ke faɗa da arzikin halal. Fataken goro da dillalan shanu da suka kafa Sabon Ibadan da Sabon Shagamu da Agege sun san gumin da ke cikin kowane kwabo, kuma har yau ana ambaton Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a matsayin mutumin da fatauci ya ɗaukaka. Duk da haka, ko dukiyar da ba ta sata ba akwai tambaya a kanta idan ta taru a hannu kaɗan. A 2017 ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa mutum biyar mafiya arziki a Nijeriya sun mallaki Dalar Amurka miliyan 29,900, abin da ta ce ya isa ya fid da ƙasar daga matsanancin talauci. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli. Ƙasar da ta saba ganin waɗannan alƙaluma biyu gefe da gefe ba tare da gabanta ya faɗi ba, ita ma jikinta ya fara mutuwa. Kuma inda abinci ya yi kaɗan, talakawa junansu suke juya wa, kamar yadda aka gani a 2019 lokacin da rikicin manoma da makiyaya ya tashi ƙauyukan da ke kewaye da Kona, aka yi asarar rayuka, mata da yara suka kwarara Jalingo gudun hijira.

Wannan magana ta fi shafar 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da kowa. Mai gadi a Ikoyi, da mai dako a kasuwar Mile 12, da mai ga-ruwa a Fatakwal, da ɗan acaba a Anaca, ba sha'awar ruwan teku ta raba su da iyalinsu ba. Sun baro gida ne domin abin da ya kamata ya zama taki da asibiti da masana'anta ya bi ta wata hanya. Kuɗin da suke aikawa gida duk wata shi ke sayen maganin da ya kamata a samu a asibitin gwamnati, watau sun biya sau biyu ke nan. Suna da ƙungiyoyin 'yan gari, suna da sarakunan Hausawa a zango-zango, kuma maganarsu tana da nauyi a gida domin su ke riƙe da gidaje da yawa.

Saboda haka akwai abin da ke hannunsu. Ƙungiyar da za ta yi gidauniyar gina masallaci ko makaranta, ya kamata ta tambayi asalin kuɗin babban baƙonta kafin ta shimfiɗa masa darduma. Fadar da za ta naɗa rawani ta tuna cewa yara suna kallo, kuma abin da suka ga ana girmamawa shi za su nema in sun girma. Wanda zai koma gida lokacin zaɓe ya faɗa wa danginsa cewa atamfa da taliya da ake rabawa ɗan guntu ne daga cikin kayansu. Mai mayen dukiya yana iya jure zagin jarida da zaman kotu na shekara 11, domin ya san akwai taron da ke jiran sa a ƙarshe. Ranar da ya sauka daga jirgi ya tarar babu kowa sai direbansa, ranar ce na bayansa za su fara tunani. Mutanen Kona na 1892 ba su da ikon tsayar da igwa. Jikokinsu, da sauran talakawan Arewa na gida da na ci-rani, suna da ikon hana tafi. Allah ya sa a gane.