Wai "oganik"? Ku zo mu yi magana ta gaskiya daga Wudil

1/
Kullum ka buɗe TikTok ko Instagram sai ka ci karo da wata ko wani yana koya mana "rayuwa mai tsafta": shayin wanke ciki, garin ganye a roba, man da aka ce daga Dubai ya zo. To yau dai zan faɗi abin da ke raina. Wanda ya ji haushi, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe.

2/
Da farko, mene ne ma oganik ɗin? Hanyar noma ce: ba takin zamani, ba feshin maganin ƙwari na kamfani. A ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske, sai an je gonar an duba kafin a ba ka shaida. Mu kuwa a nan, duk mai firinta da koriyar takarda ya zama manomin oganik.

3/
Ka tambayi mai sayarwa: wace gona? Wane gari? Da wane ruwa aka yi ban ruwa? Sai ka ji an koma "ai wallahi na gwada, ya yi min aiki". Malam, ba abin da na tambaye ka ke nan ba.

4/
Abin takaicin shi ne, kayan da ake yi mana burga da su namu ne. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta. Acca ta samu irin wannan izini a 2018. Zoɓon Kano da Jigawa har Meziko ake kai shi. Riɗinmu jirgin ruwa yake hawa.

5/
Wato su saya a buhu, su zuba a kwalba, su liƙa sunan Turanci, mu kuma mu dawo mu saya da tsada muna ɗaukar hoto. Amma in aka ajiye maka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli sai ka yatsine fuska, wai abincin ƙauye. Haba jama'a!

6/
Taki ma haka. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano suke ɗora taki a jakuna suna kai wa gona, shi ya sa ake noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da ya mutu ba. Ga kasuwar shanu ta Wudil nan duk Juma'a. Mai neman takin gargajiya ai ba sai ya yi oda ta intanet ba.

7/
Amma kar wani ya ce na ce duk abin da ya fito daga ƙauye lafiya ne. A'a. Nan ma akwai inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da masu bidiyon nan ba sa taɓawa, don babu abin sayarwa a ciki.

8/
Mu ɗauki wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin kashe ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ke cikin Sniper. To tambaya: waken da Bature ya ce ba zai ci ba, wa ya ci? Ni da kai. A alale, a ƙosai, a garau-garau.

9/
Kuma fa akwai mafita. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana toshe iska har ƙwarin su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko durom mai murfi da aka rufe ruf ma haka yake aiki. Wa ya taɓa yi mana bidiyo a kan wannan?

10/
Mangwaro da ayaba da ake nunar da su da kabad, NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Feshin tumatir da kabeji kuwa, a jikin kwalbar maganin an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinka. Wasu su fesa yau, gobe kaya na kasuwa.

11/
Sai ruwa. Kogin Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano kafin su iso Wudil. Shekaru da dama masu bincike suna rubutu kan dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da ke gangarawa cikinsa. A hanyar ruwan nan ake su, ake noman rani, ake shayar da dabbobi.

12/
To faɗa min, wane shayi ne zai wanke wannan? Lafiyar ɗan Wudil tana ɗaure da abin da ake zubarwa a Kano. Wanda yake maganar "lafiya ta kowane fanni" bai ambaci kogi ba, kasuwancinsa kawai yake yi.

13/
Batun "wanke jiki daga guba" kuwa, Allah Ya riga Ya ba ka hanta da ƙoda, aikinsu ke nan dare da rana. Shayin da ya sa ka zarya bayan gida bai fitar da guba ba, ruwan jikinka ya zubar. Sikeli ya sauka yau, ka sha ruwa gobe ya koma.

14/
Kuma kalmar "na gargajiya ne" ba ta mayar da abu halal ga ƙoda. Jarkar da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadin sha ba, wai tana maganin basir da sanyi da hawan jini da suga gaba ɗaya? Mai magani ya tafi da lasifikarsa, kai kuma a bar ka da layin wankin ƙoda.

15/
Mafi muni shi ne masu ce wa iyayenmu su ajiye maganin hawan jini ko na suga su koma garin ganye. Wannan wasa da rai ne. Ka ci zogalenka, ka sha maganin da likita ya rubuta. Ba kishiyoyi ba ne.

16/
Abin da ke aiki ba shi da ƙyalƙyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da na cikin dunƙule. A rage dunƙulen, a ƙara daddawa. Lemon kwalba ya ba fura da nono wuri, amma ba furar da aka cika da suga ba.

17/
Motsa jiki minti 150 a mako. Ɗalibin Jami'ar Aliko Dangote da ke hawa babur don tafiyar minti goma, sannan ya zo yana tambayar kuɗin shayin rage tumbi, ɗan uwa taka da ƙafa. Ka ajiye waya da wuri ka yi barci. Ka je a auna maka jini. Ka ziyarci 'yan uwa, zumunci ma magani ne.

18/
Masu ilimi kuma, jami'ar nan tana da sashen noma da na kimiyya. Maimakon kowane furojet ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura, a auna ruwan kogi, a auna waken kasuwa, a fito a gaya wa mutane sakamakon da Hausa.

19/
Ranar Juma'a in ka shiga kasuwa, tambayi mai wake da me ya adana shi. Zai iya jin haushi. In mutum goma suka tambaya, zai fara tunani. In ɗari suka tambaya, zai sayi buhun da ba ya buƙatar guba.

20/
Masu sayar da shayi, ga fili nan a ƙasa. Ku zo da sunan gona da lambar NAFDAC, mu tattauna. Zagi ba hujja ba ne.